Ekklesiyar Atina: Yadda Birni Ke Yanke Shawara a Lokacin Yaƙi

Duk wanda ya bi ta Wulari a Maiduguri, ko wata unguwa mai majami'a, ya sha ganin kalmar nan a jikin allo: Ekklesiya. Tana cikin sunan EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, tana kuma cikin TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Mun saba da ita har muna ɗaukarta Bahaushiya. Ba Bahaushiya ba ce, kuma ba masu bi ne suka ƙirƙiro ta ba. Kalmar Helenanci ce, harshen mutanen da Littafi Mai Tsarki ke kira Helenawa, waɗanda a yau ake ce wa Girkawa. Shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, ekklesiya ita ce taron 'yan gari a birnin Atina, inda ake kafa doka, a ƙulla yaƙi, a yi sulhu. Daga baya Yahudawan Iskandariya, da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, suka ari kalmar domin taron jama'ar Isra'ila. Ta wannan hanya ta iso Sabon Alkawari, ta iso gare mu.

Iyali su buɗe Ayyukan Manzanni sura 19 su karanta labarin hargitsin Afisa, inda maƙeran azurfa suka tayar da gari, jama'a suka yi ta ihu wajen sa'a biyu, yawancinsu ba su ma san dalilin taruwarsu ba. A Helenanci, kalmar da aka kira wannan cincirindon da ita ekklesiya ce. Da magatakardan gari ya ce a kai maganar gaban taro na shari'a, shi ma ekklesiya ya ce. Kalma ɗaya ta ɗauki masu ihu, ta ɗauki masu shawara. Darasinmu zai bi wannan taron a Atina cikin shekarun da yaƙi ya matsa mata, mu ga lokacin da ya zama wannan da lokacin da ya zama wancan. (Yara su lura: shekarun kafin haihuwar Almasihu, da muke taƙaitawa K.H., baya-baya ake ƙirga su. Shekara ta 431 ta riga ta 404 zuwa.)

Su wa ke zama a taron?

Helenawa ba su da sarki ɗaya. Ƙasarsu duwatsu ce da tsibirai, kowane birni da dokarsa da sojansa. Harshe ya haɗa su, da alloli, da wasannin Olimfiya da aka saba cewa sun fara a 776 K.H., amma mulki bai haɗa su ba. Ƙasar Atina duka, da gonakinta da ƙauyukanta, ba ta wuce murabba'in kilomita 2,500 ba. Jihar Borno ta ninka ta fiye da sau 20. Babbar kishiyarta, Siparta, tana da sarakuna 2 a lokaci guda da majalisar dattawa. A can ana raba yaro da uwarsa yana ɗan shekara 7 a kai shi horon soja, bayi kuma su yi noma.

Atina ta bi wata hanya. A 508 K.H. wani mai suna Kilistinis ya sake fasalin gari, ya kasa mutane kashi 10, kowane kashi ya ba da mutum 50, suka zama majalisa ta mutum 500 mai shirya abin da za a tattauna. Da ƙuri'ar sa'a ake fitar da su, ba da yaƙin neman zaɓe ba, don a ganinsu zaɓe na masu kuɗi ne da masu suna. Jarumawan yaƙi 10 ne ake zaɓa da hannu kowace shekara. Ita ekklesiya kuwa a kan wani tudu take zama, a fili. Mai shela ya tambaya ko akwai mai magana, maƙeri ko manomi ya iya miƙewa, in an gama a ɗaga hannu. Wannan suka kira mulkin jama'a, tushen kalmar dimokuraɗiyya. Kada mu yi saurin yabo: mata ba sa zama, baƙi mazauna gari ba sa zama, bayi kuwa dubbai ne kuma ba su da baki. Masu ikon ɗaga hannu tsiraru ne cikin mazauna ƙasar.

Yaƙi ne ya ba talaka murya. A ƙasa, sojan Helenawa manomi ne mai halin sayen garkuwa da mashi da kwalkwalin tagulla. Sahu-sahu suke tsayawa, galibi sahu 8, garkuwar kowa tana kāre rabin jikin na hagunsa, shi ya sa gudun mutum ɗaya kan jawo mutuwar maƙwabcinsa. Da haka suka kori rundunar Farisa a Maraton a 490 K.H. Amma a 480, a mashigin ruwan Salamis, jiragen ruwa ne suka ceci Atina. Kowane jirgi yana da matuƙa 170, hawa uku, yawancinsu talakawa da ba su da kuɗin garkuwa. Wanda ya ceci gari da damtsensa, wa zai hana shi magana a taro? Bayan nasarar, Atina ta haɗa birane masu yawa cikin ƙawance, sannu a hankali ƙawayen suka koma masu biyan haraji. A 454 aka ɗauke baitulmalin ƙawancen aka kawo Atina, ba da daɗewa ba aka soma ginin haikalin Fartinon da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa kallo har yau.

Da ƙauye ya shigo birni

A 431 K.H. yaƙi ya ɓarke tsakanin Atina da Siparta, ya yi shekara 27. Ferikilis, wanda ya fi kowa faɗa a ji a lokacin, ya san ba za su iya da Siparta a ƙasa ba. Ya shawo kan taro cewa mutanen karkara su bar gonakinsu su shigo cikin ganuwa. Birnin yana da dogayen ganuwa, wajen kilomita 6, da suka haɗa shi da tashar jiragen Firayus, saboda haka abinci zai riƙa shigowa ta teku. Dabara ce mai kyau a baki. Tukididis, ɗan garin da ya rubuta tarihin yaƙin, ya nuna yadda ta kasance a ƙasa: mutane suka ɓalle har katakon gidajensu suka ɗauko, aka tura dabbobi wani tsibiri, kaɗan suka sami dangi, sauran suka zauna a kangaye da wuraren tsafi da hasumiyoyin ganuwa. Daga kan ganuwa suna hango abokan gaba suna lalatar da amfanin gonarsu, an kuwa hana su fita.

Mai karatu a Maiduguri ba ya bukatar fassara a nan. A 2014, da Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Bama ta biyo a Satumba, mun ga ƙauye ya shigo birni. Dalori, Bakassi, Muna Garage da harabar majami'u suka cika, gida mai ɗaki biyu ya ɗauki iyali uku, manomi yana bayan ramin tsaro yana lissafin daminar da ke wuce shi. A 2017 kwalara ta ɓulla a sansanin Muna Garage. Atina ma haka, sai dai nata ya fi muni, don ba ta da allurar rigakafi ko asibiti. A 430 annoba ta shigo ta tashar jirage ta faɗa wa mutanen da ke cunkushe cikin zafi. Cikin sojoji 4,000 da aka tura wani fagen fama, 1,050 suka mutu cikin kwana 40. Masana suna ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 4, ko ma 1 cikin 3, ya mutu. Tukididis ya kamu ya warke. Ferikilis ya binne 'ya'yansa 2, shi ma ya bi su a 429. Abin da ya fi tsaya wa marubucin a rai shi ne lalacewar hali: mutane suka daina jana'iza yadda ta kamata, wani ya jefa gawarsa a kan wutar da wani ya hura wa tasa ya yi gaba. Irin waɗannan mutane ne, masu makoki da fushi, za su hau tudu su ɗaga hannu.

Jirgi na biyu

Mitilini birni ne a tsibirin Lesbos. Jirgin Manzo Bulus ya tsaya a can, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 20 ta nuna. A 428 K.H. manyan garin suka yi wa Atina tawaye, suka nemi taimakon Siparta. Atina ta kewaye su har yunwa ta ci ƙarfinsu, a 427 suka miƙa wuya. Ekklesiya ta zauna cikin zafin rai ta yanke cewa a kashe dukan mazan Mitilini, a sayar da mata da yara. A ranar aka tura jirgi da umarnin.

Bahaushe ya ce fushin fari ba naka ba ne. Da gari ya waye mutane da yawa suka ji nauyin abin da suka yi, aka sake kiran taro. Kiliyon, wanda ya kawo shawarar jiya, ya tsaya a kan bakansa. Hujjarsa ita ce masu mulkin wasu ba su da damar tausayi, kuma in tawaye bai jawo mutuwa ba, kowane birni zai gwada. Har ya zarge su da son jin daɗin baki kamar masu kallon wasa. Sai wani mai suna Diyodotus ya miƙe, mutumin da wannan jawabi kaɗai ya sa sunansa ya wanzu. Abin lura, bai roƙi jinƙai ba. Ya san ba za a saurare shi ba. Ya yi musu lissafi ne. Hukuncin kisa, a faɗarsa, bai taɓa hana mai bege da kwaɗayi yin ganganci ba. In ɗan tawaye ya san ko ya ajiye makami mutuwa zai yi, to zai yi faɗa har numfashinsa na ƙarshe, ku kuwa ku ƙare da kango bayan kun kashe dukiya. Ya kuma tuna musu cewa talakawan Mitilini ne, da makami ya shiga hannunsu, suka tilasta wa manya buɗe ƙofa. In kun kashe su tare da manyan, kun koya wa talakawan kowane birni cewa makomarsu ɗaya ce da ta masu tawaye.

Aka ɗaga hannu, kusan kunnen doki, Diyodotus ya yi rinjaye da kaɗan. Amma jirgin farko ya riga ya yi yini da kwana a hanya, tafiyar kuwa ta haura kilomita 300, ta fi nisan Maiduguri zuwa Potiskum. Aka tura na biyu. Jakadun Mitilini suka ba matuƙan guzuri, suka yi musu alkawarin lada mai tsoka. Suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa da mai da ruwan inabi, waɗansu na barci waɗansu na ja. Matuƙan jirgin farko kuwa ba sa sauri, don saƙon da suke ɗauke da shi ya yi musu nauyi. Jarumin da ke riƙe da garin ya gama karanta umarnin ke nan, yana shirin zartarwa, sai ga jirgi na biyu. Birnin ya tsira. Duk da haka aka kashe mutum fiye da 1,000 da aka ce su ne kan gaba, aka rushe ganuwa, aka rarraba gonaki. Tausayin Atina ke nan a ranarta mai kyau.

Shekara 11 bayan haka babu jirgi na biyu. Tsibirin Melos ya ce shi ba ya bayan kowa, Atina ta ƙi yarda, ta kewaye shi a 416, ta kashe maza, ta sayar da mata da yara, ta zuba mutanenta 500 a gidajensu. 'Yan watanni bayan haka, a 415, wani marubuci mai suna Yuribidis ya nuna wasan kwaikwayo a dandalin birnin game da matan Taroy, yadda mayaƙa suka yi ƙuri'a a kansu bayan faɗuwar garinsu. Wanda ya ji kukan iyayen Chibok a 2014 ya san irin abin da aka sa gaban 'yan kallon. A nan al'adar Atina ta cancanci yabo: hukuma ce ke shirya bikin, ta kuwa bar mai wasa ya sa wa gari madubi. Sai dai madubin bai canza ƙuri'a ba. A shekarar nan taro ya aika babbar runduna Sisili, a 413 ta hallaka. A 406 jarumawa suka ci yaƙin teku amma hadari ya hana su tsamo waɗanda jiragensu suka nutse. Taro ya yi musu hukunci a dunƙule, saɓanin doka, aka kashe 6. Cikin masu jagorancin zaman, malamin nan Sokaratis ne kaɗai ya ƙi yarda har ƙarshe.

Rantsuwar 403

A 405 Siparta ta kame jiragen Atina kusan duka. Daren da labari ya iso, ba wanda ya runtsa, don sun tuna Melos. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Koranti da Tibis suka nemi a shafe birnin, Siparta ta ƙi. A 404 aka rushe dogayen ganuwa, aka ɗora mutum 30 a kan mulki, Kiritiyas ne ƙusa a cikinsu. Cikin wata 8 suka kashe wajen mutum 1,500, da yawa saboda dukiyarsu. Suna kuma sa talakawan gari su kamo musu mutane, domin hannun kowa ya ɓaci. Wani baƙo mazaunin gari, Lisiyas, mai masana'antar garkuwa, ya tsere da kyar. Ɗan'uwansa aka ba shi guba ba tare da shari'a ba. Sai Tarasibulus ya taso daga gudun hijira da mutum 70, ya kama wata kagara a kan iyaka, jama'a suka yi ta bin sa, ya ci Firayus, Kiritiyas ya mutu a faɗan. A 403 Sarki Fausaniyas na Siparta ya shiga tsakani aka yi sulhu.

Ga tambayar da ta rage: wanda ya kai ƙarar ubanka yana nan a unguwa, gobe za ku haɗu a kasuwa. Me za a yi da shi? Tambayar ba baƙuwa ba ce a Borno. Tun 2016 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin Operation Safe Corridor domin mayaƙan da suka ajiye makami, bayan mutuwar Shekau a 2021 kuma dubban mayaƙa da iyalansu suka fito, aka ajiye da yawa a sansanin alhazai na Maiduguri. Hujjar masu goyon baya ita ce ta Diyodotus: in babu ƙofar fita, ba mai fitowa. Gwauruwar da ta ga an koya wa mai tuba sana'a, ita kuwa ba ta da abin biyan kuɗin makaranta, tana da tata hujjar, kuma ba ƙarama ba ce.

Mutanen Atina suka rantse, kowa da bakinsa, cewa ba za su tono muguntar da ta wuce ba. Sau da yawa ana ba da labarin kamar an ce kowa ya manta. Ba haka ba ne, rantsuwar tana da iyaka. Ba ta rufe mutum 30 ɗin da manyan muƙarrabansu ba, sai in sun yarda su tsaya gaban kotu su ba da lissafin mulkinsu. Wanda ya kashe da hannunsa ana iya kai shi ƙara. Wanda bai amince da zama cikin gari ba aka ba shi damar ƙaura zuwa Elusis, wani gari kusa. Kayan da aka ƙwace aka riga aka sayar suka zauna hannun masu saye, hasarar da ta faɗa kan irin su Lisiyas. Har talanti 100 da azzaluman suka ranto daga Siparta domin yaƙar 'yan'uwansu, taron ya yarda a biya daga aljihun kowa. A ganina ƙarfin sulhun yana wurare biyu: an bambanta mai ba da umarni da wanda aka tilasta, kuma waɗanda aka zalunta su ne suka yi nasara, suna da ikon ramuwa, da bakinsu suka ajiye ta. Ba daga sama aka sanar da su ba. Iyaye su tambayi yara: wannan rantsuwa gafara ce, ko alkawarin kame hannu? Ina bambancin? Kada kuma mu manta cewa nasu wata 8 ne na rikicin mulki, namu ya haura shekara 10 da sace-sacen mutane da ƙone garuruwa.

Riƙe rantsuwar bai zo da sauƙi ba. Da wani ya soma tone-tone, Arkinus, ɗaya daga cikin shugabannin da suka dawo, ya ja shi gaban majalisa ya sa aka kashe shi ba shari'a, domin ya zama ishara. Zalunci ne aka yi don kāre sulhu. A 401 aka yaudari jarumawan Elusis zuwa wurin shawara aka kashe su, sauran suka dawo gida. Mahayan dawakin da suka yi wa azzaluman aiki, an tura 300 daga cikinsu yaƙi a Asiya da fatan kada su dawo. Mai neman muƙami kuma ana iya tambayarsa inda yake a zamanin mutum 30. Da duk wannan, sulhun ya riƙe. Mulkin jama'a ya ci gaba shekara 81 ba juyin mulki, sai a 322 da Makidoniya ta kawar da shi, shekara guda bayan mutuwar Iskandari.

Fushin da aka hana shi ƙofa ya nemi taga. A 399 aka gurfanar da Sokaratis, yana ɗan shekara 70, gaban masu shari'a wajen 500. Shi ne mutumin da ya ƙi bin taro a 406, ya kuma ƙi bin mutum 30 da suka aike shi kamo wani, ya yi tafiyarsa gida. Amma Kiritiyas ya taɓa zama cikin masu sauraronsa, kuma rantsuwa ta hana a kai shi ƙara a kan haka. Sai aka ce ba ya girmama allolin gari, yana kuma ɓata matasa. Ɗaya daga cikin masu ƙarar, Anitus, yana cikin waɗanda suka dawo tare da Tarasibulus. Da mutum 30 kacal sun sauya ƙuri'a, da an sake shi. Aka ba shi guba ya sha a kurkuku, almajiransa na kewaye da shi. Bayan shekara fiye da 50, wani mai jawabi, Askinis, ya tsaya gaban kotun Atina ya faɗa wa masu shari'a a fili cewa sun kashe Sokaratis ne domin shi ya koyar da Kiritiyas.